Dankalin Nesa, Ƙasar Gidana

Maigidana bai taɓa shuka ko albasa ɗaya ba tun da aka haife shi. Shekara talatin ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa har ya yi ritaya. Amma ka ce masa jirgin sama ya lalace, sai ya gyara zama ya ce, "Ba wuya." Ka ce likitoci sun rasa kan wata cuta, "Ba wuya." Da haka duk layinmu suka laƙaba masa Ba-Wuya, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka naɗa masa. Ni dai baban yara nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma in ce "kai".

Mai lambu a gidan nan ni ce. Da muka tare, bayan gidan daɓen siminti ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Ni na jera bulo na yi fangali huɗu, na dinga haɗa ƙasa bokiti-bokiti: kashin kaji, toka, ɓawon ƙwai, ganyen shayin da aka gama sha, busasshen ganyen da nake sharowa a titi mutane na yi mini kallon mahaukaciya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, har ta zama baƙa ƙirin, mai laushi, mai ƙamshi. A cikinta nake samun latas da alayyafo da tumatir da karas, mu ci, maƙwabta su samu. Ba ni da gwal, ba ni da fili a wani wuri. Ƙasar nan ita ce dukiyata.

Sai aka buɗe wani katafaren kanti a bakin babban titi, irin mai ƙofar da ke buɗe kanta. Baban yara ya mayar da wurin ofis, ba don saye ba, don shan sanyin na'ura. Ran nan da rana tsaka ya faɗo gida yana haki, da sabuwar malafa a kansa.

"Maman yara, tashi ki gaida manomi."

"Ina yake?"

"Ga shi a gabanki."

Na leƙa bayansa, ban ga kowa ba.

Ya zauna ya fayyace mini. Wai a kantin akwai wata kantar jera kaya guda, an kafa mata koren allo an rubuta "Daga Gonakin Kusa Da Ku". Dankali ne a jere, wankakke tas yana sheƙi, ba mai ko kallonsa. Shi ne ya tare manajan wurin, wani matashi mai kwat da takalmi mai tsini.

"Na ce masa, ɗana, wa ka taɓa gani ya tono dankali ya same shi ya yi wanka? Kayan gona sai da ƙasa a jiki. Ya riƙe haɓa ya ce, Baba, gaskiyarka, to a ina za mu samu ƙasa mai kyau? Na ce ba wuya."

Nan take na tuna fangalina.

"Tsaya tukuna. Shi dankalin daga ina yake zuwa?"

"Tirela mai firji ke kawo shi. Kwana huɗu take yi a hanya."

"Shi ne na kusa?"

"Ai na tambaye shi. Ya ce a tsarin kantinsu, duk abin da ya kwana biyu a sitonsu ya zama ɗan gari."

"Ikon Allah. Mu da muka shekara ashirin a layin nan, har yau baƙi ake ce mana."

Shirin dai shi ne, kullum ya kai bokitin ƙasa, ya shiga sito ta ƙofar baya, ya dama, ya shafa wa dankali. Su kuma su rataya hotonsa a saman kantar, a rubuta "Manominmu".

"Me za su ba ka?"

"Suna, maman yara. Suna!"

"Suna za mu ɗora a wuta? To ka ji ni da kyau. Ka je ka shafa wa dankali duk abin da ka ga dama, amma ka taɓa mini fangali, wallahi ni da kai ne."

Ya dafa ƙirji ya rantse daga waje zai dinga ɗebowa. Ya ari fartanyata ya tafi ɗaukar hoto. Bayan kwana biyu maƙwabciyata, maɗinkiya ce, ta ɗora haɓa a kan katanga tana share hawayen dariya.

"Maƙwabciya, kin je kin ga mijinki? Hoton ya kai tsawon ƙofa. Amma ki gaya mini, shi da ƙota yake noma?"

Ashe fartanyar a juye ya riƙe ta, ƙarfen yana kallon sama. Duk kantin ba a samu mutum ɗaya da ya lura ba.

Kwana uku da fara aikin na fita ban ruwa, sai ga rami a kusurwar fangalin karas.

"Gafiya ce," in ji baban yara, yana kurɓar shayi, bai ko taso ya duba ba.

Washegari ramin ya ninka, gefensa a yanke sumul, kusurwa huɗu.

"Baban yara, gafiyar nan da shebur take zuwa?"

"Ke ba ki san gafiyoyin yanzu ba. Sun waye."

Na je wurin maginin da ke aiki a gidan da ke jikin namu, na aro tarkon ƙarfe, na ɗana shi a ƙarƙashin ganyen latas. Da gari ya waye ina hura wuta sai na ji tas! sannan na ji "Wayyo Allahna!" Na fito da gudu. Ga baban yara yana tsalle da ƙafa ɗaya, tarko ya cafke masa yatsu uku, bokiti a gefe, malafa a ka. Kafin ka ce kwabo kawuna sun jeru a kan katanga.

"An kama gafiyar?" in ji maɗinkiya.

"An kama ta," na ce, "har da malafarta."

"Duba tarkon nake yi," in ji shi, yana cije leɓe, "in ga ko yana aiki."

"To yana aiki?"

"Ba laifi."

Ranar na sayo kwaɗo na garƙame ƙofar baya mai fita lambu, na ƙulle makullin a bakin zanina. Na ce to, yanzu sai ka nemi ƙasar da ka rantse da ita.

Ya fara da ta bakin titi, daidai gaban garejin makanike. Dankalin ranar duk warin baƙin mai yake yi, wani mutum ya dawo da nasa ya ce ya soya, ɗakin girkinsa ya koma tashar mota. Baban yara bai karaya ba. Da ƙafarsa mai bandeji ya ƙara himma, ya ga ai ba dankali kaɗai ke son zama ɗan gari ba, ya bi lemo ya shafe, ya bi ayaba ya shafe. Wata mata ta ɗaga ayaba tana ɗigar taɓo ta ce, "Baba, yaushe ayaba ta koma ƙarƙashin ƙasa?"

"Iska ce ta kayar da ita, 'yata. Gonar kusa ai sai da iska."

Daga nan ya hango tulin yashi a ƙofar magini, mai laushi, launin toka. Bai tambayi kowa ba ya cika bokiti biyu. Ashe haɗi ne, an riga an gauraya shi da siminti. Ya dama, ya shafe buhu goma da yamma, aka jera a kanta. Da safe dankali ya zama dutse. Wata mata ta zo da wuƙarta a lanƙwashe tana neman manaja. Wani ya ce nasa ya suɓuce ya fasa masa tayil.

"Sabon iri ne," in ji baban yara. "Mai sulke. Sai ya shekara bai ruɓe ba."

Magini da ya ji labari ya je da kansa, ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da cokalin gininsa, ya gyaɗa kai.

"Haɗina ne wannan, ko a ina na gan shi na san shi. In ba ku so, ku ba ni in zuba a fandisho."

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan. Ina! Da yammacin Talata sai ga manaja da kansa a ƙofar gidana, ya rusuna har ƙasa, bakinsa kamar an shafa zuma.

"Mama, barka da gida. Wallahi masu saye sai tambayar baƙar ƙasar nan ta farko suke yi. Har sunsunawa suke, su ce ta tuna musu da ƙauyen kakanninsu. Ranar Asabar za mu yi Ranar Gona a filin ajiye motoci. Za mu shimfiɗa ƙasa, kowa ya zo da iyalinsa ya ciri kayan lambu da hannunsa. Aro kawai za ki ba mu."

"Ɗana, kana son kayan kusa? Ga latas ɗina can, taku ɗari uku ne daga kantinku. Ka ɗauka ka sayar."

Ya leƙa ta taga, ya ɗan yatsina fuska.

"Ai Mama, naki ganyen duk huji ne, girmansu kuma ba ɗaya ba. Ba zai yi kyau a kanta ba."

"Au, ganyen bai yi ba, sai ƙasar? Tashi ka ba ni wuri tun ina ganin mutuncinka."

Ya fita yana murmushi. Baban yara ya raka shi har bakin titi, suna ta ƙus-ƙus.

Ranar Laraba aka kira ni, mahaifiyata ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Na ɗauki jaka na nufi asibiti. Kafin in fita na shafa bakin zanina, na ji makulli yana nan, hankalina ya kwanta. Kwana uku ina jinya. Asabar da hantsi ƙanwata ta karɓe ni, na dawo gida.

Kwaɗon yana nan a kulle, lafiya lau. Ƙofar ce gaba ɗaya aka kwance daga jikin bango, aka jingine ta a gefe.

Fangali huɗu, duk an kwashe su har daɓe. Har sharewa aka yi. Latas ɗina da alayyafo an tuge an tara a baho, sun yi yaushi. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma ranar na zauna a kan bulo na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Na ji zafin abin har cikin ƙashina.

Maɗinkiya ta leƙo, yau ba dariya a fuskarta.

"Baro ashirin da ɗaya na ƙirga. Na yi masa magana, ya ce kin yi waya kin amince."

Na share fuska, na zubar da ganyen, na ɗauki bahon na fita.

Tun daga nesa ake jin lasifika. An kafa rumfa, an ɗaɗɗaura balan-balan, mutane cike da 'ya'yansu, kowa ya ɗaga waya. A tsakiyar filin ga ƙasata a shimfiɗe a kan kwalta, an kewaye ta da igiya, ganyaye sun leƙo a jere. Na nufi igiyar, mai gadi ya tare ni.

"Mama, ba a shiga da baho."

"Ƙasata ce a can."

"Kowa ma ƙasarsa ce, Mama. Ki bi layi."

Ya tsaya mini ƙiƙam. Dole a nan na tsaya na ga komai da idona.

Baban yara na tsakiya, malafa a ka, makirufo a hannu, ya saki baki.

"Jama'a, ni noma gadonsa na yi! Kakana in ya yi tari, masara ke tsirowa. Wannan ƙasa da kuke gani, da hannun nan nawa na haɗa ta. Duk abin da ke cikinta a nan ya tsira, a nan ya girma. Bismillah, kowa ya cira!"

Aka kwance igiya ta ɗaya gefen, mutane suka afka. Wani mai tabarau ya kama ganyen karas ya ja, sai ga guda shida sun fito tare, ɗaure da roba.

"Baba, wannan fa?"

"Iri ne mai zumunci. Ba sa rabuwa."

Wata ta ciro kabeji, gindinsa a sama, kansa a ƙasa. Wani ya tona ya tono tumatir jajur. Wata ta zaƙulo lemo da sitika a jiki, da rubutun wani harshe da ba wanda ya iya karantawa, ta kuma ce sanyi ƙalau yake kamar yanzu aka fito da shi daga firji. Dariya ta fara tashi daga baya.

Sai wata tsohuwa ta matso tana dogara sanda. Kana ganin tafin hannunta ka san ta sha fartanya. Ta ɗebi ƙasar ta murza, ta sunsuna, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, wanda ya haɗa ƙasar nan ya san aiki. Amma ba kai ba ne."

"Haba Iya, ni ne mana."

"To wata nawa karas ke yi kafin a cire?"

"Ya danganta da halinsa."

"Shekaranjiya na wuce ta nan, motoci ne a wurin."

"Ƙarfin ƙasar ke nan, Iya."

"Shi kuma tumatir ɗinka, me ya kai shi ƙarƙashin ƙasa?"

"Kunya gare shi."

Wuri ya kaure da shewa. Ana cikin haka wani ƙato ya ja wani abu da hannu biyu, sai ga ragar albasa sukutum, ba a ko kwance bakinta ba, da takardar kantin tana reto. Ashe da baban yara ya gaji da binnewa ɗaya-ɗaya, sai ya tura sauran yadda suke.

"Wannan kuma," ya fara, "wannan ai..."

Hon ɗin tirela ya katse shi. Ga ta nan ta kunno kai filin, doguwa, fara, ƙura ta rufe ta. Direban ya diro, idanunsa jajur, ya ratsa mutane har gaban baban yara, daidai bakin makirufo.

"Wa ya zuba mini shara a hanya? Kwana huɗu nake tuƙi ban runtsa ba! Ina zan sauke muku kayan kusan naku?"

Lasifika ta kai maganar har tsallaken titi.

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya canja fuska da sauri irin manajan nan ba. Ya fizge makirufo, ya dafa ƙirji.

"Jama'a, ku yi haƙuri! Mu ma yaudararmu aka yi. Wannan dattijo ya zo ya ce mana yana da gona, muka yarda da furfurarsa. Kantinmu ba ya wasa da amanar masu saye."

"Ɗana!" in ji baban yara. "Kai fa ka ba ni malafar!"

"Mai gadi, karɓi malafar kamfani. Masu shara, ku kawo ruwa, a wanke wurin nan yanzu-yanzu!"

Mai gadi ya bar ni ya tafi cire malafa, na kutsa da bahona ina ihu, "Kada ku zuba! Tawa ce! Ku bari in kwashe!" Wa zai ji ni? Mutane na turereniya, direba na danna hon, tiyo uku suka buɗe lokaci ɗaya. Na durƙusa na kai hannu, ruwa ya kwashe ta daga tsakanin yatsuna. Ina kallo ta bi ƙarƙashin motoci baƙi ƙirin, da ɓawon ƙwaina yana yawo a sama, ta gangara kwata. Cikin minti goma kwalta ta fito fes.

Baban yara na tsaye a gefe, kai ba hula, wando jiƙe har gwiwa. Ya gan ni. Ya buɗe baki.

"Maman yara, ai dama aro..."

"Kai. Biyo ni."

Na shige cikin kantin, yana bina kamar ɗan akuya. Ma'aikata biyu na kan tsani suna sauke hotonsa. A ƙarƙashinsu ga kantar nan cike da dankalin da ya shafe jiya, kowane ɗaya sanye da baƙar ƙasata. Na jawo keken zuba kaya na fara lodi. Ban bar ko ɗaya ba. Yarinyar da ke kan na'urar biya ta zaro ido.

"Mama, taro za ki yi?"

"A'a. Kayana na zo ɗauka. Kada ki kakkaɓe, sa shi a hankali."

Buhu shida ya kama. Shi ya yi dakonsu, sawu uku, ta tsakiyar layinmu, kowa na ƙofar gidansa. Makanike ya ɗaga hannu ya ce, "Manominmu, an yi girbi ke nan?" Magini ya ce, "A sauke lafiya!" Ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Na ajiye baho a tsakiyar fangalin da babu komai, na zuba ruwa, na miƙa masa tsohon buroshin haƙori. Na ce ɗaya-ɗaya zai wanke, kuma ɗigo ɗaya ya zuba a daɓe, ni da shi ne. Na ja kujera na zauna a kansa. Ya wanke buhu biyu, muka jira ruwan ya kwanta, na tsiyaye a hankali. Abin da ya rage a gindin bahon bai cika gwangwanin madara ba. Na kwashe da cokali, na juye a kusurwar fangali, na tsaya ina kallonsa.

Baban yara ya leƙo, ya yi ƙasa da murya.

"Ashe ba ta da auki. A baro kuwa nauyi kamar me."

"Wanke. Saura buhu huɗu."

Ya sunkuya ya ɗauki buroshi.

"In ka gama kuma," na ce, "ka kankare ƙarƙashin farcenka a cikin bahon. Wannan ma tawa ce."